Takarda Mai Maiƙo

Litinin, 9 ga Afrilu 1984, bayan la'asar

An koma makaranta yau a nan Garwa. Rabin ajina bai zo ba. A ɗakin malamai kowa ya sami abin karantawa, har waɗanda ban taɓa gani da jarida ba. Ba wanda ya ambaci harbe-harben Yawunde na ranar Juma'a, da sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki. Na yi sallama, aka amsa ƙasa-ƙasa.

Da Hausa zan riƙa rubutu a wannan littafin. Masu zuwa bincike Faransanci suke karantawa.

Roger, malamin tarihi, ɗan Kudu, wanda muke amfani da kabad ɗaya shekara tara, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya kira ni irin yadda 'yan garin nan suke cewa malam, ya ce, "Malum Shu'aibu, akwai labarin ƙanenka?" Na ce babu. Ya ce matarsa Simone tana da ɗan'uwa a can, za ta sa a tambaya. Na yi godiya. Sai da na hau keke na fara tunani: a tambayi wa? Ƙanen nawa Hassan direba ne kawai a barikin soja na Yawunde, ba ya riƙe bindiga. Amma a kwanakin nan ba a tambayar me mutum yake riƙewa. Daga ina ya fito ake tambaya, kuma mu daga Arewa muka fito.

Talata, 10 ga Afrilu, da safe

Babu labarin Hassan. Mama ba ta taɓa kununta ba.

Alhamis, 12 ga Afrilu, tsakar rana

Bayan darasi Françoise ta tsaya a bakin ƙofa. 'Yar duwatsun wajen Gider ce, mutanen da ba Musulmi ba, ita ke zuwa ta ɗaya a ajin ƙarshe, watan Yuni za ta zauna jarrabawa. Ta ce, "Malam, takardunmu na jawabin nan fa?" Na ce gobe. Ta ce, "Tawa nake so, Malam." Ba ta dube ni ba.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko wata rana a tambaye ni. Duk watan Maris nakan kunna wa ajin ƙarshe kaset na jawabin limamin cocin nan na Amurka, baƙar fata, wanda ya tsaya gaban dubban mutane ya nemi a daina auna ɗan Adam da fatarsa, daga baya aka harbe shi. Ni kaina a Marwa na fara jin sa ina ɗalibi, a gidan wani malaminmu Ba'amurke a unguwar Domayo. Rabin kalmomin ban gane su ba, amma tsikar jikina ta tashi. Saboda muryar nan na zama malamin Ingilishi, ban bi Baba kasuwa ba. Shekara goma sha ɗaya ina kunna shi, ba wanda ya ce uffan.

Bana ne kawai na ƙara wani abu. Na ce kowa ya rubuta nasa burin game da ƙasarmu, da Faransanci tukuna, daga baya mu juya. Takarda hamsin da biyu. Na san a kabad na sa su kafin hutu.

Na buɗe kabad ɗin yau. Ba sa ciki. Makullansa biyu ne, ɗaya yana aljihuna, ɗayan yana wurin Roger.

Juma'a, 13 ga Afrilu, bayan masallaci

Na tambayi Roger. Ya ce bai gansu ba. Ya amsa da wuri, tun ban gama tambayar ba.

A masallacin unguwar Yelwa akwai wani a sahun baya da ba wanda ya san shi. Takalminsa irin na sojoji ne, ya ajiye shi kusa da bango.

Babu labarin Hassan.

Asabar, 14 ga Afrilu, da hantsi

Na ga Roger a bakin gadar Binuwai yana dariya da wani jandarma, hannu a kafaɗa. Da ya hango ni ya ɗaga mini hannu. Na san zai ce ɗan garinsu ne. Duk 'yan garinsu ne.

Ban ji daɗin wannan layin na ƙarshe ba, amma ba zan goge shi ba.

Litinin, 16 ga Afrilu, bayan magariba

An kawo sammaci makaranta. Gobe ƙarfe takwas. Shugaban makaranta ya miƙa mini da yatsu biyu, ya koma ofis ya rufe ƙofa.

Na gaya wa matata Mairamu taron malamai ne. Ta ce, "Malam, taron malamai ne kake cire zobenka kana ba ni?" Na ajiye mata shi a tafin hannu.

Talata, 17 ga Afrilu, bayan la'asar

Na dawo. Awa biyar.

Ofishi ne marar allo a ƙofa. Fanka tana juyawa amma zafin bai san da ita ba. Mutumin da ya tambaye ni farar riga ce a jikinsa, na ji ana ce masa sufeto. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya zaro takarda ɗaya daga aljihun tebur, an yage samanta inda suna yake, ga maiƙo ya yi mata tabo a gefe. Tun daga inda nake zaune na gane rubutun.

Ya karanta a hankali. "Ubana shekara ashirin yana kawo gero kasuwar Garwa. In ya nemi ruwa, akwai ƙwaryar da ake ɗauko masa daban, a ajiye ta ƙasa, ba a miƙa masa a hannu. Ina jiran ranar da zai sha a ƙwaryar gida. Ranar tana zuwa, ba ta da nisa, kuma waɗanda suke sama yau za su sauko su zauna tare da mu."

Ya ajiye. Ya ce, "Ashirin da ɗaya ga Maris aka rubuta wannan. Wace rana ce take zuwa? Su wane ne a sama da za su sauko? Wa ya gaya wa ɗalibinka mako biyu kafin lokaci?"

Na ce aikin aji ne, kwaikwayon jawabi ne. Ya ce ya san jawabin, shi ma ya yi makaranta. Ya ce, "A can baƙi ne da farare. A nan su wane ne baƙin, su wane ne fararen? Kai da bakinka nake so in ji." Na ce a nan duk fatarmu ɗaya. Ya ce to me ya sa nake kunna shi.

Ya nemi sunan mai rubutun. Na ce ɗalibai hamsin da biyu ne, ba na riƙe rubutun kowa. Ya ce 'yan dutse nawa ne a ajin. Na ce ban taɓa ƙirgawa ba. Goma sha huɗu ne.

Sai ya ambaci Hassan. Sunansa cikakke, da lambar motarsa. Bai ce yana raye ba, bai ce ba ya raye ba.

Daga nan ya yi mini wata tambaya, na ba shi amsa. Ba ƙarya na yi ba. Na sa hannu. Sun riƙe kaset ɗin.

Laraba, 18 ga Afrilu, da safe

Ba ƙarya na yi ba.

Alhamis, 19 ga Afrilu, tsakar rana

Roger ya kawo mini mangwaro cikin leda, ya ce daga bishiyar gidansu. Ya zauna kusa da ni ya ce, "Me suka tambaye ka?" Na ce ba komai. Ya ce, "Ka san za ka iya gaya mini." Na ce na sani.

Ban kai mangwaron gida ba. Na ba mai gadi.

Ga lissafina. Takardun ba su tashi da fiffike daga kabad zuwa teburin sufeto ba. Wanda ya kai su yana da makulli. In kuwa mutum nasu ne, duk abin da aka faɗa a kansa ba zai taɓa shi ba. Saboda haka ban cuci kowa ba.

Talata, 24 ga Afrilu, da hantsi

Roger bai zo ba. Ajinsa yana ta surutu har aka tura ni in tsawata musu.

Talata, bayan la'asar

Mai gadi ya ce jiya da rana aka ɗauke shi a gida, gaban 'ya'yansa. Mota marar lamba.

Suna yin haka wani lokaci, su ɗauki nasu kwana biyu don kada a gane shi. Na taɓa jin haka.

Alhamis, 26 ga Afrilu

Kwana uku.

Asabar, 28 ga Afrilu, bayan azahar

Simone ta zo gidanmu, a ƙafa daga unguwar Rumde Ajiya cikin ranar nan. Da Fulatanci ta gaida Mama, ta durƙusa. Mama ta amsa da fara'a, ta ce Mairamu ta kawo wa baƙuwa ruwa. Mairamu ta miƙa hannu kan taga ta ɗauko shuɗin kofin roba. Shekara tara Roger yana zuwa gidan nan, a kofin nan yake sha, kuma ba ya komawa cikin sauran kofuna. Ban taɓa lura ba sai yau. Ko na lura na kawar da kai. Takardar Françoise tana cikin kunnena.

Simone ta ce ba su bari ta gan shi ba, abinci kawai suke karɓa. Ta ce, "Malum, wani ne ya ce musu Roger ne ya tsara aikin nan, wai shi ya sa yara su rubuta. Kai abokinsa ne. Wa zai yi masa haka?"

Na ce Allah ne ya sani.

Ta ce ɗan'uwanta ya zagaya wurare uku a Yawunde yana neman Hassan, har suka gargaɗe shi. Roger ne ya matsa masa ya sake komawa. Ta ce ba su gaya mini ba don ba su samo komai ba.

Na raka ta har bakin titi. Da na dawo na ɗauki kofin na sa cikin sauran. Mama ta fitar da shi.

Lahadi, 29 ga Afrilu, da safe

Zan rubuta, tun da ba mai karantawa.

Sufeto ya ce, "Shawarar wa ce a sa yara su rubuta game da ƙasar nan?" Na ce ta Roger ce. Ya ce wa ke da makullin kabad. Na ce Roger.

Gaskiya ne a watan Janairu muna shan shayi ya ce mini, "Kullum Amurka, Amurka. Ka sa su duba ƙofar gidansu mana." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ni na tsara aikin, ni na rubuta shi a allo.

Talata, 1 ga Mayu, bayan magariba

An yi ruwan farko. Babu labarin Hassan. Ana raɗe-raɗin abubuwa a kasuwa, ba zan rubuta su ba. Mama ta daina tambayata. Yanzu fuskata kawai take kallo in na shigo.

Alhamis, 3 ga Mayu, da safe



Mairamu ta aika a sayo ƙosai wurin Iyatu maƙwabciyarmu, wadda take suya a mararrabar da ke kusa da barikin jandarmomi. Na buɗe ƙunshin. Takardar da aka naɗe shi da ita rubutun ɗalibina ne, Sulaimanu, yana burin a kai lantarkin madatsar ruwan Lagdo ƙauyensu. Ga maiƙo a gefe.

Na kira Mairamu. Ta ce, "Ai tsofaffin takardun kwalin nan ne na ƙarƙashin gado, Malam. Kai ka ce in ya cika in riƙa ba ta. Tun lokacin hutu na kai mata." Ta ga fuskata ta ce, "Na yi laifi ne?"

Ba ta yi ba. Ba ta karanta boko. Yanzu na tuna sarai. Ranar da aka ba da hutu na kwaso su gida don in duba, zazzaɓi ya kwantar da ni kwana huɗu, na ɗora su kan kwalin. Ba su taɓa kwana a kabad ba.

Wani jandarma ya sayi ƙosai, ya ci, ya karanta takardar. Shi ke nan.

Alhamis, bayan la'asar

Na je gidan Iyatu na ce ina son takarduna, akwai masu amfani a ciki. Ta kwaso mini a buhu tana ba ni haƙuri. Talatin da ɗaya suka rage. A cikinsu akwai ɗan yanki, rabin tafin hannu, da sunan Françoise da lambar ajinta. Na zuba duka a murhu, na tsaya har suka zama toka.

Roger kwana goma yau.

Juma'a, 4 ga Mayu, tsakar rana

Françoise ta same ni ina kwance sarƙar keke. Ta ce, "Malam, an ce saboda takarda ɗaya aka kama malamin tarihi. Tawa ce, ko?" Na ce ban san maganar da take yi ba. Ta ce za ta je ta faɗa musu, ubanta take nufi da ƙwaryar ruwa, ba wani abu ba. Na ce, "In kika je, ba za su sake shi ba, ke za su ƙara. Sannan su zo su kwashi sauran 'yan dutse goma sha ukun. Ki je ki yi karatunki."

Ta ce, "To me ya sa ka—" ta gyara, "me ya sa kuka kunna mana, in ba a so mu yarda da shi?"

Na ce ta tafi aji.

Litinin, 7 ga Mayu, bayan azahar

Na koma ofishin da ƙafata. Na gaya wa Mairamu gaskiya wannan karon. Ta sa mini riga ta biyu a jaka.

Sun bar ni a benci har tsakar rana. Da sufeto ya kira ni na ce na zo in gyara abin da na sa wa hannu. Na ce aikin nawa ne, tun daga farko har ƙarshe, Roger bai san ranar da aka yi shi ba. Na ce takardun ba daga kabad suka fita ba, ni na watsar da su cikin tsofaffin takardu, masu suya suka tsinta. Ya ce wace mai suyar. Na ce masu suya suna da yawa a Garwa.

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "To wanne ne ƙarya, na ranar nan ko na yau?" Na ce na ranar nan tsoro ne. Ya ce tsoro ba ya cikin abin da ake rubutawa a takardarsu. Amma ya kira mai tafireta, aka buga, na sake sa hannu.

Na tambaye shi Hassan. Ya ce wannan ba teburinsa ba ne.

Sun sake ni. Ban san dalili ba, kuma wannan ma yana damuna.

Laraba, 9 ga Mayu

Shiru. Na bi ta ƙofar gidan Roger sau biyu a keke ban tsaya ba.

Juma'a, 11 ga Mayu, da hantsi

Takarda ta zo daga sama. An karɓe ajin ƙarshe daga hannuna, an ba ni 'yan ajin farko. An hana kunna kowane irin kaset a makaranta. A ɗakin malamai kujerun gefena biyu ba kowa, sai Malam Hamadu mai koyar da lissafi da ya zo ya zauna ya ce mini da Fulatanci in yi haƙuri.

Asabar, 12 ga Mayu, bayan la'asar

An sako Roger jiya. Mai gadi ne ya zo har gida ya gaya mini. Kwana goma sha takwas.

Na yi alwala na yi raka'a biyu. Sannan na zauna ina neman dalilin da zai hana ni zuwa.

Laraba, 16 ga Mayu, bayan magariba

Na je yau.

An mayar da shi aiki garin Tibati, can nesa, ranar Asabar za su tashi. Tsakar gidan duk kwalaye. Simone ta amsa sallamata ta shige ɗaki. Roger yana durƙushe yana ɗaure littattafai da igiya. Ya rame, an aske masa kai, kuma yatsu biyu na hannun hagu ba sa lanƙwasuwa, sai da haƙori yake jan ƙullin.

Na ce, "Roger, na zo in gaya maka wani abu."

Ya ce, "Sun karanta mini tun ranar farko, Malum. Har sa hannunka sun nuna mini. Ta biyun ma sun karanta mini."

Na gaya masa maganar ƙosan. Ya yi 'yar dariya, ta koma tari. Ya ce ƙosan Iyatu yana da daɗi, ba mamaki.

Ya ce sun tambaye shi rubutun wa ne, kullum, safe da yamma. Shi ma yana koyar da ajin, ya gane shi tun daga layin farko. Ya ce musu idonsa ba shi da kyau. Ya ce, "Ka tabbata ta zauna jarrabawar nan. Ko ba kai ke ajin ba, ka riƙa duba ta." Na ce zan yi.

Na ce ya yafe mini. Ya ci gaba da ɗauri, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Can ya ce, "Na san sun riƙe ka da ƙanenka. Wannan na gane shi, ni ma ina da ƙane. Abu ɗaya ne na yi ta juyawa a can. Ka buɗe kabad ba ka ga takardu ba. Da Hamadu ne yake riƙe da ɗaya makullin, da ka zarge shi?"

Na ce ban sani ba.

Ya gyaɗa kai. Ya ce in kama masa akwatin ƙarfen mu fitar da shi zaure, shi kaɗai ba zai iya ba yanzu. Na kama. Muka fitar da shi, muka fitar da gadon yara, muka kwance tebur. Har rana ta yi sanyi muna aiki, ba mu ƙara magana ba sai "ɗaga nan" da "a hankali". Da zan tafi ya miƙo mini hannun dama.

Alhamis, 17 ga Mayu, da asuba

Na sani.

Da Hamadu ne, da tun ranar farko na dawo gida na zazzage ɗakina, na duba ƙarƙashin gado, na tambayi Mairamu. Da ko awa ɗaya ba a yi ba na gano inda suke.

Ban duba ba.